VVT-i: Yadda Baƙin Mai Ke Saita Numfashin Injin Mota

A ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da Jalingo babban birni, motar da ke cin kasuwarta a hanyar Yola da ta Wukari ita ce Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna. Injinta ba shi da ɓoye-ɓoye: kafireto, filogi huɗu, da kamshaf guda da ke buɗe bawul a lokaci ɗaya tak, ko motar na tsaye ko tana sheƙa gudu. Bakanike mai kunne yana iya saita ta da sukudireba a gindin bishiya. A cikin wannan shekarar ce kuma, can a Japan, kamfanin Toyota ya fitar da injinsa na farko da ke iya sauya lokacin buɗe bawul yana cikin tafiya.

Yau wanda ya tsaya a bakin Hammaruwa Way ko ya leƙa tashar motocin Gembu da Wukari, jikokin wannan injin zai gani. Ga Corolla, ga Camry da ake wa laƙabi da Big Daddy da ƙanwarta Muscle, ga Sienna da ta zama motar dogon zango, ga bas ɗin Hiace da ake kira Homa, ga Hilux ta ma'aikatu. In aka ɗaga bonet, akasari za a tarar da haruffa huɗu a jikin murfin inji: VVT-i. Honda na rubuta i-VTEC, Ford na cewa VCT, BMW na cewa VANOS, Hyundai da Kia kuma CVVT. Direbobi da yawa sun ɗauki rubutun a matsayin ado, wasu kuma sun san dai alama ce ta motar da ba ta cika shan mai ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a irin wannan injin baƙin mai ya tashi daga mai sanya santsi kawai, ya zama shi ne hannun da ke murɗa kamshaf. Wanda ya riƙe shi da riƙon Fijo, ba da jimawa ba zai sha mamaki.

Kafin a kai nan, sai an fara da yadda inji ke numfashi. Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu a samanta, su ne bawul: na shiga, inda iska da fetur ke faɗawa, da na fita, inda hayaƙi ke bi ya nufi salansa. Fistan na yin tafiya huɗu kafin a ci moriyar wuta sau ɗaya. Ya sauka ya zuƙo, ya hau ya matse, filogi ya ba da wuta ta turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Mai buɗe waɗannan ƙofofi shi ne kamshaf, sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi. Duk lokacin da ƙusumbin ya zagayo sai ya danna bawul, in ya wuce sifirin ya mai da shi ya rufe. Sarƙa ko bel ce ke haɗa kamshaf da karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, kuma an lissafa haƙoran giyarsu ta yadda sai karanshaf ya zaga sau biyu kamshaf ke zagawa sau ɗaya.

Saurin abin ya wuce yadda ake zato. Idan allurar da ke nuna juyin inji ta kai 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. In ta kai 6,000, sau 50 ke nan. A silo kuwa, wato mota na tsaye inji na aiki, inda yake juyi wajen 700, bai fi sau shida ba. Ƙofa ɗaya ce ake so ta yi aiki daidai a duk waɗannan halaye, kuma nan matsalar take, domin iska tana da nauyi. Ba ta tashi da gudu nan take, in kuma ta ɗauki gudu ba ta tsayawa nan take.

Makiyayi zai gane wannan da wuri. In shanu na shiga shinge a hankali, kuma shingen ya kusa cika, gara a yi maza a rufe, don in aka yi jinkiri na ciki za su fara juyowa waje. Amma in a guje suka taho, na baya na tura na gaba, to ɗan jinkirin rufewa riba ne, don wasu za su ƙara kutsawa ko da wurin ya matse. Haka iska take a bututun shiga. A babban gudu, in aka bar bawul a buɗe bayan fistan ya kai ƙasa har ya fara hawa, iskar da ta riga ta ɗauki gudu za ta ci gaba da dannowa, silinda ta cika fam. A ƙaramin gudu kuwa, wannan jinkirin asara ne, fistan zai mai da wani ɓangare na abin da ya zuƙo ta inda ya fito.

Akwai kuma wani ɗan taƙi a ƙarshen korar hayaƙi da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. In wannan haɗuwar ta yi tsawo a silo, hayaƙi na komawa ya gauraya da sabuwar iska, inji ya riƙa rawa kamar zai mutu. In ta yi gajarta, a tsakiyar gudu ana rasa wani amfani. Injiniyoyin da suka zana injin Fijo da na tsohuwar Camry mai lita 2.2 ba su da zaɓi sai raba gardama: su sassaƙa kamshaf a tsaka-tsaki, ba ya cutar da silo sosai, ba ya kuma ba da duk ƙarfin da injin ke iyawa.

Alfa Romeo ta Italiya ce ta fara sayar da mota mai sauya wannan lokaci, ƙirar Spider, a 1980, don ta cika sharuɗɗan hayaƙi na Amurka. Nissan ta biyo baya cikin shekarun 1980, Honda ta fito da VTEC a 1989, BMW ta kawo VANOS a 1992. Na farkon duk matsayi biyu gare su, ko nan ko can. Wanda Toyota ta fitar a tsakiyar shekarun 1990 da sunan VVT-i shi ne mai iya tsayawa a ko'ina tsakanin iyakokin biyu, gwargwadon abin da kwamfutar mota ta ga ya dace. A 1998 ta fara sa shi a kamshaf biyu, na shiga da na fita, abin da ake gani an rubuta Dual VVT-i a Corolla da Camry na daga baya. Dokar hayaƙi da tsadar mai a ƙasashen da ake ƙera motocin su suka tura kamfanoni wannan hanya, ba son gudu kaɗai ba.

Wanda ya taɓa ganin an buɗe murfin injin Corolla mai lita 1.8 zai lura giyar da ke bakin kamshaf ɗin shiga ta fi 'yar'uwarta kauri, kamar an manna mata gwangwani. Cikin wannan gwangwanin sirrin yake. Jikinsa na waje haɗe yake da haƙoran da sarƙa ke ja. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai fukafukai uku ko huɗu, shi kuma an ɗaure shi da kamshaf. Kowane fiffike yana zaune a cikin ɗan ɗaki, ya raba shi biyu. In aka turo baƙin mai ta gefe guda, fiffiken sai ya matsa, kamshaf ya ɗan riga sarƙa. In aka turo ta ɗaya gefen, ya ɗan ja baya. In aka toshe hanyoyin biyu, man da ke ciki ya riƙe shi cak a inda yake. Duk wannan na faruwa ne giyar na juyi sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti. A injinan Toyota tazarar murɗawar kan kai digiri 40 zuwa 60 a lissafin karanshaf, ya danganta da injin.

Mai raba man wani ɗan ƙarfe ne mai kamar yatsa da ke soke a jikin kan inji, da soket ɗin waya biyu a bayansa. Kanikawa na ce masa solonoyid ko kuma OCV. A cikinsa akwai 'yar sanda mai tsaga-tsaga da maganaɗisu ke turawa, sifirin kuma na dawo da ita. Kwamfutar mota, wadda a gareji ake kira birenbos, tana aika masa wuta a gutsure-gutsure, da sauri ƙwarai; yawan wutar shi ke nuna inda sandar za ta tsaya, inda ta tsaya kuma shi ke nuna hanyar da mai zai bi. Kwamfutar ba ta aiki da ka. Tana duba saurin inji, da yawan iskar da ke shiga, da yadda aka taka totur, da zafin ruwa, sannan ta kwatanta saƙon sensa biyu, ta karanshaf da ta kamshaf, don ta tabbatar kamshaf ya je inda aka aike shi.

Saura abu ɗaya ƙarami mai muhimmanci. Idan aka kashe mota, mai na tsiyayewa ya koma ƙasa, fukafukan su zama ba mai riƙe su. Don haka aka sa wani ɗan fil mai sifirin da ke faɗawa rami ya kulle giyar a matsayin ja baya. Da safe in an tayar, sai famfon mai ya tara ƙarfi sannan man ya ɗaga fil ɗin, giya ta sami sakewa.

Tafiya daga Jalingo zuwa Gembu ta isa ta nuna duk aikin. Sienna na tsaye a tasha ana lodi, inji na silo: kamshaf ɗin shiga na can baya, haɗuwar bawul kaɗan ce, inji na juyi lami lafiya ba rawa. An fita gari an miƙa hanyar Garba Chede da Bali, ƙafar direba rabi a kan totur: kwamfuta ta turo kamshaf gaba, ta bar ɗan hayaƙi ya koma cikin silinda da gangan. Wannan hayaƙin na rage zafin ƙuna, ya rage gubar da ke fita ta salansa, ya kuma sauƙaƙa wa fistan wahalar zuƙo, abin da ke rage shan mai. An wuce Serti an iso Mayo Selbe, inda hawan Mambila ke farawa, mota cike da fasinja da kaya, ana kwana-kwana a ƙaramar giya: kamshaf na gaba sosai, bawul ɗin shiga na rufewa da wuri don kada a yi asarar abin da aka zuƙo, nan ne direba ke jin mota na ja tun allura ba ta yi sama ba. In kuma ya sami sarari ya take har allurar ta haura 5,000 don ya wuce babbar mota, kwamfuta sai ta sake jan kamshaf baya, iska mai gudu ta ƙarasa cika silinda.

Abin da VVT-i ba zai iya ba shi ne ƙirƙirar iska. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, iskar can ba ta kai ta Jalingo kauri ba, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Direban da ya ji motarsa ta yi sanyi a Nguroje ba lallai ne ta lalace ba.

Na Honda ya ɗan bambanta, kuma ana yawan cakuɗa su. VTEC na asali ba ya murɗa kamshaf. Ƙusumbi iri biyu aka yi masa, ƙarami da babba, in gudu ya kai wani mataki mai ya tura fil ya haɗe hannuwan bawul su koma bin babban, bawul ya buɗe da zurfi ya kuma daɗe. Da wannan dabarar Honda ta fitar da ƙarfin doki 160 daga inji mai lita 1.6 a 1989, abin da ya girgiza masu ƙera motoci a lokacin. Accord ta 2003 mai silinda huɗu, wadda 'yan Najeriya suka raɗa wa End of Discussion, ta haɗa biyun: tana canja ƙusumbi, tana kuma murɗa kamshaf. Dukansu dai da mai suke aiki.

A gareji, labarin yakan fara ne da ƙorafi iri ɗaya. "Oga, mota ba ta ja, silo na rawa, ga wutar cek inji ta ƙi mutuwa." Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara kwance komai. "Alhaji, yaushe rabonka da juye?" Sai ya zaro sandar awon mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Sau da yawa amsar na nan: man ya sauka ƙasa da alama, ko ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri. Daga nan ya jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta wa duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996. Lamba P0011 na nufin kamshaf ya zarce gaba ko ya ƙi bin umarni, P0012 ya maƙale a baya, P0016 kuma saƙon karanshaf da na kamshaf sun saɓa, wanda kan nuna sarƙa ta saki ko an ɗaura ta ba bisa maki ba. Tsofaffin Toyota kan nuna P1349.

Lambar ba ta ce a sayi sabon solonoyid ba, ko da yake nan ne kuɗin mutane da yawa ke tafiya. Akwai gwaji mai sauƙi da littafin gyaran Toyota ya tanada. A cire soket, a auna solonoyid da mita, ya kamata ya nuna tsakanin om 6.9 da 7.9 in yana da sanyi. Sannan inji na silo, a ba shi wutar batir kai tsaye. In komai lafiya, kamshaf zai yi tsalle gaba, inji ya shiga kakari ko ya mutu nan take. In ko gezau bai yi ba, to ko solonoyid ya maƙale, ko mai ba ya isowa. A tsofaffin injinan Corolla da Camry masu VVT-i akwai wata 'yar matata a bayan wani ƙusa kusa da solonoyid, ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba, raga ce mai laushi kamar ta tace koko. Ana zaro ta wani lokaci a tarar ta toshe da dasƙararren mai, ko da guntayen gam ɗin da wani ya lafta wa murfin inji maimakon ya sayi gaskit. A wanke ta da fetur, a hura, a mayar, a yi juye, sau da yawa magana ta ƙare ke nan.

Ƙarar da wasu motoci ke yi da sassafe, wata 'yar kakkaɓa ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da zarar an murɗa makulli, yawanci fil ɗin kulle ne ya cinye, fukafukai na bugun bango kafin mai ya iso. Ba kullum laifin mai mota ba ne. Accord ta 2008 mai silinda huɗu, wadda ake kira Evil Spirit, ta yi suna da wannan ƙara har Honda ta fitar wa garejinta takardar gyara. Ita ma Toyota a 2010 ta kira ɗaruruwan dubban motoci masu inji V6 na lita 3.5 a Amurka, ciki har da Camry da Avalon da RAV4 da Lexus, saboda wani bututun man VVT-i mai guntun roba a tsakiya da ke iya fashewa ya zubar da mai cikin 'yan mintoci. Daga baya aka koma yin bututun da ƙarfe zalla. Da yawa daga cikin waɗannan motocin sun ƙare a Kwatano da Legas, kuma wanda ke da irinsu ya kamata ya sa a duba masa wane bututu ne a jiki.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa a gareji, wato kaurin mai. A murfin zuba mai na Corolla da Big Daddy 'yan Amurka an rubuta 5W-30, a na daga baya kuma 0W-20. Kanikawa da yawa na cewa wannan na ƙasar ƙanƙara ne, a garin da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40 sai 20W-50. Maganarsu ba ta rasa tushe ba gaba ɗaya, don littattafan wasu motocin da aka ƙera wa ƙasashe masu zafi sun yarda da mai mai ɗan kauri, kuma injin da ya tsufa yana shan mai wani lokaci yakan so a ƙara masa mataki guda. Amma zafin da ke cikin inji ba na rana ba ne. Ruwan lagireto na aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 95, a Jalingo ko a Jamus. Hanyoyin da mai ke bi zuwa giyar kamshaf kuwa sirara ne, mai kauri na jinkirin isa, musamman da asuba lokacin hunturu ko a sanyin Gembu. A ganin mai wannan rubutu, tsallakawa daga 5W-30 zuwa 20W-50 don kawai haka aka saba tun zamanin Fijo ba hujja ba ce. Mafi muni ma shi ne man awo da ake tsiyayowa daga durom a bakin titi, wanda ba wanda ya san asalinsa, da kuma na jabu da ake ɗurawa a galan mai tambarin kamfani.

Wata al'adar da ke tafiya tare da wannan ita ce cire tamostat da zarar mota ta iso daga Kwatano, wai don kada ta yi zafi. Kwamfuta ba ta sakin kamshaf sosai sai ta ga inji ya ɗumama. Motar da aka cire wa tamostat takan daɗe ba ta kai zafin aiki ba, a gangaren Mambila ma tana iya komawa sanyi tana cikin tafiya. Kwamfuta ta ci gaba da ƙara fetur, raɓa da ɗanyen mai su taru a cikin baƙin mai, dattin da ke toshe matata ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta ninka ta sake ninkawa, wannan asarar ta daina zama ƙarama ga mai motar haya.

Akwai kuma kuskuren lissafi da ke shige wa mutane. Motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, ba kilomita ba. Wanda aka ce ya yi juye a kilomita 5,000, ya kuma bi lambar da ke gabansa, ya yi kilomita 8,000 ke nan bai sani ba. A titin Amurka mai santsi wannan daidai ne da abin da Toyota ta tsara wa irin waɗannan motoci, amma ga motar da ke shan ƙurar hanyar Bali da lodi fiye da ƙima, ko mai yini tana silo a tasha, gara a rage.

Mai niyyar sayen ta hannu zai iya gane yawancin wannan kafin ya biya. Ya je da sassafe, ya taɓa inji ya tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba, ya sa a tayar yana tsaye a gaban bonet yana saurare. Ya buɗe murfin zuba mai ya haska tocila ciki: ƙarfe mai launin zuma alama ce ta injin da aka kula da shi, baƙin dasƙare kamar kwalta kuwa yana nufin matata da solonoyid da giya duk sun sha irinsa. Sannan ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya duba ko wutar cek inji ta kama tare da sauran fitilu, domin akwai dillalan da ke cire ƙwanta ko su liƙe ta da baƙin tef ta bayan gilashi.